Tukunyar da Tukiran Ya Rasa Inda Zai Binne

Shekara takwas Tukiran yana cin abinci a rumfata, ban taɓa ganin ya zauna a kujera zaman kirki ba. Gefe ɗaya yake ɗosanawa, ƙafa tana rawa, ido yana kan titi, sai ka ce an gaya masa mota za ta tashi ta bar shi. In na zuba masa shinkafa da miyar gyaɗa, kafin in juya in ɗauko shayi ya cinye ya miƙe. Nakan ce, "Kai ɗan nan, wa ya biyo ka ne? Zauna abinci ya sauka mana."

Sai ya ce, "Bude, ai zaman na ɗan lokaci ne. Baɗi war haka ina gida."

Bude kowa ke kirana a nan, wato babbar goggo, har da waɗanda suka girme ni. Sunana Ponirah. Daga Jawa na zo garin Klang tun gashina yana baƙi, na kafa rumfar abinci a gindin wani dogon bene, hagu da ƙofar shiga. 'Yan ƙasarmu da ke aiki a Malesiya nan suke zuwa su ci irin na gida, su yi ƙorafi, su tafi. Na ga masu kewar gida iri-iri. Ni kaina shekarun farko albasa nake fakewa da ita in sha kukana. Amma yawanci abin yakan lafa. Mutum zai sayi katifa, ya sayi tukunya, ya san sunan mai kayan miya, wata rana ka ji yana faɗa da maƙwabci a kan wurin shanya, to ya warke ke nan. Na Tukiran ne ya ƙi lafawa.

Ɗan wani ƙauye ne a duwatsun Ponorogo, inda rogo kaɗai ke yarda ya fito. Ubansa ya rasu, ƙannensa mata sun yi aure, tsohuwarsa ce kawai a gidan. Da ya zo, aikin gini ya fara. Daga nan gonar kwakwar manja, sai wankin mota, sai wurin yankan katako, sai dako a tashar jiragen ruwa. Kuma ba korarsa ake yi ba, wallahi hannunsa yana da kyau, duk inda ya bari sai an aiko nemansa. Da zarar an fara sanin sunansa, an fara ajiye masa kofinsa daban, sai ƙafar ta motsa.

Komai na ƙasar nan bai yi masa ba. Ruwan famfo warin magani yake yi. Shinkafa ba ta da ƙamshi. Ayaba girman banza ce. Har ruwan sama bai tsira ba, wai a kan siminti yake sauka, ba ya tayar da ƙamshin ƙasa. Nakan ce, "To sannu, mai ƙasa. Rogon naku zuma yake ɗiga, shi ya sa ka baro shi?" Sai ya yi murmushin nan nasa na rabin baki, ya kalli titi.

Yana da wata baƙar jaka. Kullum a shirye take, kayansa a ninke a ciki, da ita yake matashi. Abin da ba zai shiga jakar nan ba, Tukiran ba ya saye. Wani ubangidansa ya taɓa ba shi fanka, mai kyau, mai tsayi. Kafin yamma ya kawo mini ita, ga ta nan har yau tana kore mini ƙuda.

Wata rana da rumfa ba kowa na tsare shi. Na ce, "Tukiran, in gida kake so, hanya a buɗe take. In nan kake so, ka sauke jakar. Wannan rawar ƙafar ta mece ce?"

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya ce ai ya koma sau biyu. A nan, da ya rufe ido ƙofar gidansu yake gani. Amma da ya je can, sati bai cika ba ya fara zagaye tsakar gida, duwatsun suna matse masa ƙirji. Sannan ya ce, "Ba laifina ba ne, Bude. A rafi babana ya zuba tawa."

Na gane nan take. A wurinmu mabiyiya ba abin yarwa ba ce, ƙanin jariri ce da suka kwana ciki ɗaya. Uba ne ke wanke ta da hannunsa, ya sa a sabuwar tukunya, ya binne a bakin ƙofa, dama in namiji ne, hagu in mace ce. A kifa kwando, a kunna mata fitila duk magariba har wata guda da 'yan kwanaki, don kada ta ji an yar da ita a duhu. Inda take, nan hankalin ɗan yake kwanciya. Amma akwai iyayen da ke saka ta a ruwa, don ɗan ya yi nisa, ya nemi abincinsa a duniya. Shekarar da aka haifi Tukiran fari aka yi. Ubansa ya dubi gonar, ya dubi jaririn, ya ɗauki tukunya ya nufi rafi.

Malaminmu na masallaci ya ce wannan duk zancen tsofaffi ne, a binne kawai don tsafta. Ban musa masa ba. Amma malam bai taɓa ganin Tukiran yana cin abinci ba.

A shekararsa ta shida ya yi abin da ya ba kowa mamaki, ya yi aure. Maznah sunanta, mai ɗinkin labule a hawa na sha ɗaya na benenmu. Haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo daga Jawa. Iyayenta sun rasu, gidan da ta girma a ciki kuwa babbar hanya ta bi ta kansa. Mace ce mai haƙuri, amma in ta yi magana ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Na ce mata, "Ke, kin san da jakarsa za ki aure shi?" Ta ce, "Na sani, Bude. Zan ba shi lokaci." Ta sayi gado, ta sayi kabad mai ƙofa biyu. Ɓangarenta ya cika. Nasa, in ka buɗe, ƙamshin sabon katako ne kawai zai tare ka, jakar tana ƙarƙashin gado.

Bara da damina ta haihu, mace. Daga asibiti Tukiran ya zo kai tsaye rumfata da mabiyiyar a ƙullin leda a hannu, yana riƙe da shi nesa da jiki, fuskarsa duk ta rikice. Na kai shi bayan rumfa na nuna masa yadda ake yi. Ya wanke da gishiri da tsamiya har ruwan ya fita fes. Muka naɗe a farin ƙyalle, muka sa a sabuwar tukunyar ƙasa, da allura da zare don ta iya hannu, da fensir don ta yi karatu. Ban taɓa ganin ya yi wani abu a hankali irin na ranar ba.

Da muka gama na ce, "To, alhamdu lillahi, Allah ya hutar da kai. Kuna sama, ba ku da ƙasa, amma ga fegin barkonona nan. Hagu da ƙofar bene yake, daidai wurin 'ya mace. Ɗauko fartanya."

Ya kalli fegin. Tsakani da Allah ba wani abin kallo ba ne, 'yar ƙasa ce tsakanin kwata da wurin ajiye motoci. Ya ce, "A nan?"

"A'a, a fadar sarki. Ina kake so?"

Ashe ya riga ya gama shirinsa. Ya kira tsohuwarsa, har ta haƙa rami a hagun ƙofarsu a can Ponorogo tana jira. Abokinsa Kasno zai tafi gida ƙarshen mako, shi zai kai tukunyar. Kafin nan, wai in taimaka in sa masa a firij.

Na ce, "Firij ɗina? Kusa da kajin da nake sayar wa mutane? Kai, Tukiran, ka ji tsoron Allah!"

Ya tsaya kawai yana kallona da idanun nan. Na yi tsaki, na kwashe kaji na kai wa mai shagon kusa ajiya, na sa tukunya. Ni dai zuciyata ba ta da ƙashi, abin da ke cutata ke nan.

Jaririya kuwa ta buɗe baki. Kuka safe, kuka rana, har ƙasa muke jiyowa in motoci sun lafa. Matan bene suka fara magana: ai dole, ƙanwarta tana cikin ƙanƙara, ba fitila, ba ƙasa. Maznah ta aiko a kira ni. Na hau, gwiwoyina suna zagina. Na same ta zaune a kan gado, ciki ɗaure da zane, safa a ƙafa irin ta masu jego, idanu sun faɗa.

Ta ce, "Bude, gaskiya ne abin da na ji?"

Na ce gaskiya ne.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na yi shiru da jaka. Na yi shiru da takalmin da kullum kansa ke kallon ƙofa. Na ce nawa ne, zan iya. Amma yanzu 'yata yake so ya shirya wa jaka tun ba ta buɗe ido ba. Ki gaya masa, in tukunyar nan ta bar ƙasar nan, ya bi ta. Kada ya hawo benen nan. Ba zan raini yarinya da baƙo ba."

Na sauka na gaya masa kamar yadda ta faɗa, ban rage ba, ban sa sukari ba. Ya yi ta zagaye rumfata har kaina ya fara juyawa. Ya ce ba a gane shi ba ne. Shi so yake yarinyar ta sami wurin da yake nata, ƙofa ta gaske, ƙasar kakanninta. In ya binne a nan, ta zama 'yar nan, shi kuma an ɗaure shi ke nan, tsohuwarsa fa? Na ce, "Ka bar mini zagaye, kana kore mini masu ciniki."

Kasno ya zo ranar Juma'a cin abincin sallama. Da Tukiran ya buɗe firij ya nuna masa saƙon, sai da shinkafa ta sarƙe shi. Ya ce, "Mas," wato yaya a wurinmu, "kana da hankali kuwa? Na zaci tufafi ne! In aka buɗe a filin jirgi in ce musu me? Tsaraba?" Tukiran ya roƙa, ya haɗa shi da Allah, ya tuna masa tare suka yi kiwon awaki. Kasno ya ce ko tare aka haife su ba zai ɗauka ba. Da zai tafi, don ya wanke kansa, sai ya yar da magana: "In ka matsu, ga teku nan kusa. Ai ruwan ɗaya ne da namu. Saka ta, ta sami hanyar gida da kanta."

Na ɗauki ludayi na bi shi har bakin titi. Amma magana ta riga ta shiga kunnen da take nema.

Washegari da hantsi, ina tsakiyar suya, sai ga Tukiran ya sauko cikin sabuwar riga da zane da hula, irin shigar Idi. Bai gaishe ni ba. Ya buɗe firij, ya ɗauki tukunya, ya goya ta a ƙirji da majanyi. Na san wannan shirun. Uban da ya ɗauki mabiyiya ba ya magana, ba ya waiwaye, har sai ya ajiye ta inda za ta zauna. Raina ya yi fari, na ce to, Allah ya shirye shi. Na miƙa hannu zan ɗauko fartanya. Sai na ga ya wuce fegin barkono, ya nufi babur ɗinsa.

Inna lillahi! Na kashe wuta, na bar ayaba a cikin mai, na ruga da zanen girki a jikina. Kafin ya tayar na haye baya na riƙe ƙugunsa. Ba shi da bakin cewa in sauka, al'ada ta rufe masa shi. Ni kuwa ba abin da ya rufe nawa.

Tun daga gindin bene har bakin teku ban yi shiru ba. Na ce masa sakarai. Na ce masa Kasno da ko kaza bai taɓa riƙewa ta shekara ba shi ne yau mai ba shi shawara. Na ce matarsa tana can da ɗanyen jiki yana nan yana yawo da rabin 'yarta a titi. A wurin tsayawar danja wani mai tasi ya leƙo ya ce, "Mama, lafiya? Ɗanki ne?" Na ce, "Da ɗana ne da tuni na canza shi!"

Ya tsaya a wani lungu bayan tashar jiragen ruwa, inda masunta ke ɗaure ƙananan kwale-kwale. Ruwa ya janye, taɓo ne baƙi har nesa. Ya cire takalmi, ya shiga, sabon zanen yana jan laka. Na tsaya a kan duwatsu, don in na shiga sai an kawo igiya. Ya yi ta tafiya har ruwa ya kai masa gwiwa, ya fara kwance majanyin.

A nan faɗa ya ƙare mini, tsoro ya kama ni. Na ɗaga murya na ce, "Tukiran! Dubi ƙafarka! Dubi abin da ke kewaye da kai!"

Ledoji ne, da robobin ruwa, da silifa wari ɗaya, da ɓawon kwakwa, suna ta kai da kawo.

Na ce, "Waɗannan wa ya kai su gida? Yau suna nan, gobe suna can, jibi su dawo. Ruwan nan ba ya kai kowa ko'ina! An yi maka, ka ga yadda ka zama. Shekara takwas ban ga ka ƙoshi ba, ban ga ka yi barci ya ishe ka ba. Babanka yunwa ce ta sa shi, Allah ya jiƙansa. Kai mece ce ta sa ka? So kake ita ma ta girma tana cin abinci a tsaye?"

Ya tsaya da tukunya a hannu biyu, a saman ruwa. Wani ƙaton jirgi ya wuce can nesa, igiyar ruwan da ya tayar ta zo ta buge shi har cinya, ya yi tangaɗi, na rufe ido. Da na buɗe, tukunya tana ƙirjinsa ya ƙanƙame ta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaure majanyin. Bai waiwaya ba, tunda an hana. Gaba ya yi, ya yanko kwana mai faɗi cikin taɓo kamar san huɗa a ƙarshen kunya, har fuskarsa ta dawo wajena. Hawaye da majina duk sun haɗe masa, ba hannun sharewa.

Muka hau babur muka koma fegin barkono.

Ya haƙa ramin da kansa, har tsawon hannu. Barkonona uku ya tumɓuke, masu 'ya'ya, na gani na haɗiye. Ya sa tukunya, ya yi bismilla, ya mayar da ƙasa yana dannawa da tafin hannu. Na ba shi kwandon da nake tsane ganye, ya kifa, ya ɗora dutse. Sai a lokacin ya buɗe baki. Ya shinshina hannunsa ya ce, "Bude, ashe ta can ƙasa tana da ƙamshi."

Na ce, "Tafi ka ba mutane wuri. Ayabata ta ƙone saboda kai."

Na raka shi sama. Maznah ta dubi lakar teku a zanensa, ta dubi jar ƙasa a farcensa. Ta san wacce ce ta ƙarshe. Ta ce, "Mas, je ka wanke hannu ka karɓe ta, bayana ya gaji." Yarinya dai ba ta daina kuka ranar ba, ba zan yi ƙarya ba, sai da aka ba ta maganin ciki.

Daga ranar, duk magariba Tukiran yana fegin barkono da ashana. Ko an ce ya tsaya ƙarin aiki, sai ya ce yana da fitilar kunnawa. In ana ruwa ya riƙe mata lema. Amma ƙafar ba ta daina rawa ba, don akwai abin da bai yi ba. Bai gaya wa tsohuwarsa ba. Ta kira, ya ƙi ɗauka. Ya ciro waya, ya kalla, ya mayar aljihu. Kasno ya isa gida hannu wofi, tana can tana jiran bayani, rami a buɗe a bakin ƙofa.

Wata magariba na gaji. Ya durƙusa yana gyara lagwani, wayar ta yi ƙara, na zare ta daga aljihunsa na danna na ajiye a kan dutsen, murya a waje.

Muryar tsohuwa ce siririya, ana jin kaji a bayanta. Ta ce, "Tukiran? Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Inna." Sannan ya ce, "Inna, na binne ta a nan."



Ta ce, "Ba a ruwa ba?"

"A ƙasa, Inna. Hagu da ƙofa."

"Ka yi zurfi? Kada karnuka su tone."

"Na yi."

"Da fitila?"

"Ga ta a gabana."

Ta ja numfashi. Ta ce, "Ranar da babanka ya tafi rafi da taka, ina kwance, ba wanda ya tambaye ni. To, madalla. Ka zauna ka kula da fitilarka, kada ka bari ta mutu."

Ya ce, "Ramin da kika haƙa fa, Inna?"

Ta ce, "Rami ai ba ya asara. Zan dasa wani abu. Da na ce ayaba, amma bari in sa kwakwa. In ta fara 'ya'ya, ka kawo mini yarinyar ta sha ruwanta. Ba gaggawa."

Suka yi sallama. Na ɗauki wayar na share ta da gefen zane, don in sami abin yi da hannuna. Dukanmu 'ya'yan manoma ne. Ayaba shekara guda take yi ta haihu. Kwakwa sai ta shekara shida, bakwai, tsohuwar kuwa ta haura saba'in, kuma ta fi mu sanin haka.

Tukiran ya zauna daɓas a ƙasa, cikin barkonona, ya miƙe ƙafafu biyu. Ban taɓa ganin ya zauna haka ba. Ya ce, "Kwakwa ta ce, Bude. Ba ayaba ba."

Na ce, "Na ji."

Iska ta taso daga wajen motoci, harshen fitilar ya kwanta. Ya matsa ya kare shi da tafin hannunsa har ya miƙe.